Kunnen doki a Yamai rabin faɗuwa ne

A watan Oktoban 2021 Al Ahly ta Masar ta sauka Yamai tana riƙe da kofin Zakarun Afirka na goma, wanda ta ɗauka watanni uku kafin nan. Ƙungiyar Jandarma, USGN, ta tare ta a filin Janar Seyni Kunce, aka tashi 1-1. Riƙe Al Ahly minti 90 ba wasan yara ba ne, kuma ba mai hana magoya baya murnarsu. Da aka je Alƙahira mako guda bayan haka, 6-1 aka tashi. Ba wai da an ci 1-0 a Yamai da an fitar da Al Ahly ba, tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu ta wuce nan. Abin dubawa shi ne, tun jirgi bai tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai ba lissafi ya riga ya juya wa Jandarma baya. Ko da sun je Masar sun kulle gida an tashi ba ci, Al Ahly ce mai wucewa. Ƙwallo ɗaya tak da baƙi suka jefa a Yamai ita ta tilasta wa ƴan Nijar fitowa neman ci a gidan wanda ba a buɗe wa baya.

Har gobe a fada za ka ji ana cewa, "Ai ba su ci mu ba, kunnen doki muka yi." A gasar cikin gida maganar daidai take, an samu maki ɗaya. A kofin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, kuwa, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wasa biyu ake yi, ale da retur, a haɗa ƙwallayen minti 180. In an yi daidai sai a duba wanda ya fi cin ƙwallo a gidan ɗan'uwansa, shi ya wuce. Turawa sun soke wannan doka a shekarar 2021, shi ya sa matasan da suka tashi da kallon gasar Turai kan rikice, amma CAF ba ta bi su ba. In nan ma an yi daidai, babu ƙarin minti 30, kai tsaye ake zuwa bugun fenariti.

Bari mu zauna kan lissafin nan, don a kansa komai ya rataya. Ka ci 1-0 a Yamai. Ka je waje, in Allah ya ba ka ƙwallo ɗaya, sai masu gida sun ci uku kafin su fitar da kai, domin 2-1 kai take ba wa hanya. To ka ci 2-1 a Yamai, wanda a kunne ya fi daɗi, an ga ƙwallaye, an yi ihu sau biyu. Ka je waje a ci ka ɗaya mai ban haushi, ka fita. Abin da ya sami Berkane ta Maroko ke nan a wasan ƙarshe na kofin Konfederasho na 2024: ta ci Zamalek 2-1 a gida, Zamalek ta ci 1-0 a Alƙahira ta ɗauke kofi. Shekara guda kafin nan Young Africans ta Tanzaniya ta je har Aljas ta doke USM Alger 1-0, amma kofi ya zauna a Aljeriya, saboda ƙwallo biyu da ta bari aka zura mata a Darussalam. Shi kuma 0-0 a gida, wanda ƴan kallo ke fita suna tsaki a kansa, ya fi 1-1 nesa ba kusa ba. Duk canjaras ɗin da aka ci ƙwallo a cikinsa a waje naka ne. Da haka Mamelodi Sundowns ta fitar da Al Ahly ɗin nan a zagayen kusa da na ƙarshe a Afrilun 2025: ba ci a Afirka ta Kudu, 1-1 a Alƙahira.

Saboda haka aikin farko na ƙungiyar da ta karɓi baƙi a Yamai shi ne kada ragarta ta motsa. Ci yana biyo baya. Wannan ba ya nufin a koma baya a jibge kamar buhunan gero. Ana kai hari, amma duk lokacin da ƙwallo ke gaba, a bar mutum uku a baya da ɗan tsakiya ɗaya a gabansu wanda ba ya tsallaka layin tsakiya sai da dalili. Ƴan bayan gefe ba sa hawa tare. In na dama ya tafi, na hagu ya matso ciki. Baƙon da ya san kan wasa ba ya zuwa Yamai don ya riƙe ƙwallo. Yana zuwa ne da mai gudu ɗaya ko biyu, yana jiran ranar da za ku yi kwana mutum takwas sun shiga da'irarsa, golansa ya cafke ya wurga. Daƙiƙa goma sun isa. Don haka a kwana, mutum biyu a layin tsakiya, ɗaya a bakin da'ira mai tare ƙwallon da ta dawo, kuma wannan na bakin da'ira in ya ga abin ya kuɓuce ya yi ƙetar da za ta tsaida wasa tun a can nesa, ya karɓi katinsa.

Wurare biyu ne ƙungiyoyinmu suka fi zubar da abin da suka tara. Na farko minti biyar bayan sun ci: ana ta rungume-rungume, filin ya ɗauki ganga, hankali bai dawo ba baƙi sun take. Na biyu ƙetar banza kusa da da'ira daga minti na 70 zuwa sama, lokacin da ƙafa ta yi nauyi, ɗan baya ya ga ya fi masa sauƙi ya ja riga da ya bi gudu. Ƙungiyoyin Arewacin Afirka kan yi atisayen bugun tazara da kwana kamar karatun allo, kowa ya san inda zai tsaya da wanda zai tare wa hanya. Ba su buƙatar su fi ka wasa, ƙeta ɗaya a mita 20 ta ishe su guzuri.

Sai maganar rana, wadda ake yawan dogaro da ita fiye da kima. Gaskiya ne Yamai na da zafi, a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma wasan ƙarfe 4 na la'asar azaba ne ga wanda ya fito daga sanyin Tunis ko Kasabalanka a watan Fabrairu ko Maris. Amma zagayen share fage, inda ƙungiyoyinmu suka fi tsayawa, tsakanin Agusta da Oktoba ake yin sa, kuma sau da yawa maƙwabta ake haɗa mu da su. Ɗan Bamako ko Wagadugu ko Njamena ranarmu ba ta ba shi tsoro. A ƙarshen damina ma ba zafin ne matsalar ba, gumi ne: iska ta jiƙe, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa, kuma wannan bai san ɗan gida ba bai san baƙo ba. Zafi yana zama makami ne kawai in ƙungiyar gida ta fi ƙarfin numfashi, ta riƙa juya ƙwallo daga gefe zuwa gefe tana sa baƙi gudu, yaran da ke ɗauko ƙwallo kuma an koya musu su miƙo ta nan take. In baƙo ya samu ya kwanta minti ɗaya a kowace ƙeta, gola ya yi ta gyaran safa, to rana ta tashi a banza. Dokar da ta fara aiki a 2025 ta ɗan taimaka: gola ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, kwana ce. Kyaftin ya tuna wa alƙalin wasa da ladabi tun da wuri.

Alƙalin wasa na iya ba da hutun shan iska wajen minti na 30 da na 75, wanda ba ya wuce minti uku. Ma'aunin da FIFA ke aiki da shi na'ura ce mai haɗa zafi da laima da ƙarfin rana, in ta kai 32 ake tsayawa. Waɗannan mintuna ba na tsayuwa ana kallon tiribin ba ne. Tawul da aka tsoma cikin ruwan ƙanƙara a wuya da kai, ruwa a baki, antirena kuma ya faɗi magana ɗaya ko biyu, kada ya buɗe lacca. Kula biyu cike da ƙanƙara su kasance a bakin benci tun kafin a fita ɗumama jiki, a ajiye wata a ɗakin sauya kaya don hutun rabin lokaci, domin ta farko ta zama ruwa kafin nan.

Shan ruwa kansa da awonsa. Awa huɗu kafin wasa, ɗan wasa mai kilo 70 ya sha tsakanin mililita 350 da rabin lita, ya ci gaba da kurɓa kaɗan-kaɗan. Sikeli ɗaya na ɗakin wanka ya isa a gane sauran: a auna kowa da gajeren wando kafin atisaye, a sake aunawa bayan an tashi, a rubuta. Wanda ya zubar da fiye da kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, wato wajen kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, gudunsa da tunaninsa sun ragu ko bai faɗa ba, kuma shi ne wanda jijiya za ta ɗaure wa a minti na 80. Kowane kilo da ya tafi ana mayar da shi da lita ɗaya da rabi, da ɗan gishiri a ciki. Ruwan gishiri da sukari na asibiti yana yin aikin. Fitsarin safe in ya yi kalar shayin farko, mai shi bai sha ruwa ba. Abinci awa uku zuwa huɗu kafin a take: shinkafa ko taliya, miya marar yawan mai, nama kaɗan. Ranar wasa ba ranar gwada sabon abinci ba ce.

Akwai kuma abu biyu da ba a cika faɗa ba. Satumba da Oktoba lokacin zazzaɓin sauro ne a ƙasar nan. Sansanin da babu gidan sauro a kowane gado na iya rasa ɗan bayansa na tsakiya kwana biyu kafin wasa, kuma wanda ya tashi daga masassara ko ya ce ya warke ba shi da minti 90 a ƙafarsa. Na biyu magani. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 tiramol ya shiga jerin ƙwayoyin da aka haramta wa ɗan wasa a lokacin gasa, wasu magungunan mura ma akwai abin da ke cikinsu da gwaji ke kamawa. Yaron da ya saba sayen ƙwaya wurin mai tallan magani a bakin titi ba zai ga laifin abin ba sai an kira lambarsa bayan wasa an miƙa masa kwalbar fitsari. Dokar sansani ita ce ko farasitamol ne, daga hannun likitan ƙungiya zai fito.

Babbar matsalar ƙafa kuwa daga kalanda take. Tun kakar 2019-2020 CAF ta mayar da gasanninta daga wajen Agusta zuwa Mayu. Galibi lokacin da za a yi zagayen farko gasar Nijar ba ta fara ba, ƙungiya ta yi watanni ba ta buga wasan da ake neman maki ba, an sayar da biyu ko uku daga cikin waɗanda suka ci kofin, an kawo sababbi. Mako shida na shiri shi ne mafi ƙaranci, da wasannin gwaji huɗu ko biyar, kuma aƙalla biyu su zama da ƙungiyar da ta fi ku, a irin sa'ar da za a buga wasan gaske. Cin ƙungiyar unguwa 7-0 da safe ba ya gaya wa antirena komai.

Yanzu takardu, inda ake faɗuwa ba a taɓa ƙwallo ba. Nijar ba ta cikin ƙasashe 12 da ke saman jadawalin CAF, don haka kujera ɗaya take da ita a kowace gasa: zakaran ƙasa ya tafi gasar Zakaru, mai kofin ƙasa ya tafi Konfederasho, wadda aka kafa a 2004. Kafin ƙungiya ta shiga sai ta sami lasisin kulob ta hannun FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, kuma cikin sharuɗɗan akwai rashin bashin albashin ƴan wasa da ya wuce wa'adi, da samun ƙungiyar mata, da antirena mai lasisin A na CAF. Wanda ba shi da shi ba zai zauna a benci a matsayin babban mai horarwa ba, ko shi ya ci kofin. Baƙin ƴan wasa da ake ɗaukowa daga Gana, Najeriya ko Kodebuwa, sai takardar canjin sheƙarsu ta fito ta na'urar FIFA kafin a rufe rajista. Sannan abin da ya fi damun mu nan gida: suna da ranar haihuwa. Mahamadu a fasfo, Mohamed a lasisi, Maman a takardar haihuwa, duk mutum ɗaya. Ga masu takardar da aka rubuta shekara kawai aka cike da 1 ga Janairu. Sakataren ƙungiya ya zauna da fasfo a hannun dama, jerin CAF a hannun hagu, ya bi harafi-harafi tun wata guda kafin wasa.

Shi dai wannan sakatare shi ke riƙe da littafin kati. Hukuncin dakatarwa na CAF yana bin ɗan wasa ne duk inda ya koma, ba ya zama a tsohuwar ƙungiyarsa. A 2016 AS Vita Club ta Kinshasa ta fitar da Sundowns a fili, sai aka gano ta sa ɗan wasan da ke da sauran dakatarwa tun yana wata ƙungiya a Mali. Aka kore ta, aka dawo da Sundowns, Sundowns kuma ta je ta ɗauki kofin Zakarun Afirka a shekarar. Duk sabon ɗan wasan da ya taɓa buga gasar CAF, a rubuta a tambaya ta hannun hukumar ƙasa, a ajiye amsar a rubuce. Kada a tsaya ga "wallahi koci ba ni da komai."

Kafin wasa akwai zaman da ake kira taron fasaha, wanda ƴan kallo ba su san da shi ba. Kwamishinan wasa na zaune a tsakiya, alƙalai huɗu daga wata ƙasa a gefensa, wakilan ƙungiyoyi biyu suna fuskantar juna, ga jami'in tsaro, ga likita. Kowace ƙungiya ta shimfiɗa kayanta a kan tebur: riga, wando, safa, kayan gola, har rigar ƴan benci. Alƙalin wasa ya ɗaga safar wannan ya kara da ta wancan, ya ja baya ya duba. In sun yi kama, baƙo ne ke canzawa, shi ya sa ba a tafiya da kala ɗaya. Salatif ɗin da ɗan wasa zai naɗa a kan safa sai ya zama kalar safar, wandon ciki kalar wando. A nan ake tsaida lokacin buɗe ƙofofi, da sa'ar da za a shayar da ciyawa, da inda motar asibiti za ta tsaya, a tabbatar akwai na'urar farfaɗo da zuciya a bakin fili. Wakilin da aka tura ya zama mai jin Faransanci sosai, in da hali da mai jin Ingilishi ko Larabci kusa da shi, kuma duk abin da aka amince ya shiga takarda. Wanda ke ganin maganar riga ƙarama ce ya tuna Afrilun 2024: rigar Berkane mai taswira ta jawo taƙaddama da hukumomin Aljeriya, wasan kusa da na ƙarshe da USM Alger bai yiwu ba gida da waje, CAF ta ba Berkane 3-0 a kan tebur.

Mai masauki kuma ya sauke nauyinsa: motar ɗaukar baƙi, rakiyar jami'an tsaro, filin atisaye, da barin su su taka ainihin filin wasan ana gobe, a daidai sa'ar da za a buga. Akwai masu ganin wayo ne a makara da mota ko a kashe fitila baƙi na atisaye. Wayon banza ne, kwamishina na rubutawa, kuma mako mai zuwa kai ne baƙo a garinsu. Abin da ka shuka.

Ranar wasa ƙungiya ta iso fili awa ɗaya da rabi kafin a take, takardar sunaye ta riga ta cika, lambar kowa ta dace da wadda aka yi masa rajista da ita. A ƙofar ɗakin sauya kaya ake jera ƴan wasa, jami'i na riƙe da lasisi yana kallon hoto yana kallon fuska, kyaftin ɗin abokan hamayya ko wakilinsu na tsaye yana gani. Wanda ke da shakka kan wani ɗan wasa, a nan zai sa a rubuta ƙorafinsa kafin a fara, a bi shi da wasiƙar tabbatarwa cikin awa 48 tare da kuɗin da doka ta yanka. Ƙorafin da aka tuna da shi bayan an sha kashi, a gidan rediyo, ba ya zuwa ko'ina.

Shi kansa filin sai CAF ta amince da shi. Seyni Kunce, wanda aka buɗe a 1989, ya sha fita daga jerin filayen da aka yarda da su, har Mena, ƙungiyar ƙasa, ta karɓi baƙinta a Kwatano a 2022, a Tunis a 2023, da kuma Maroko. Masu duba fili ba ciyawa kaɗai suke kallo ba: fitilu, kujeru, ɗakunan sauya kaya, ɗakin likita da na gwajin ƙwaya, wurin ƴan jarida, hanyoyin fita in an sami turmutsutsu. Ranar da wata ƙungiyar Tawa za ta ɗauki kofin ƙasa, wasanta na gida ma tafiyar kilomita wajen 550 ce zuwa Yamai, in Yamai ɗin na cikin jeri. In ba ta ciki, wasan waje biyu ke nan da sunan ale da retur. Ƴan kallo su ma suna iya rufe filin da hannunsu. Jifa da ledar ruwa, hasken leza a idon gola, shiga fili, duk tara ce ko wasa ba ƴan kallo. Entente ta Setif an kore ta daga gasar Zakaru ɗungurungum a 2016 saboda abin da magoya bayanta suka yi a wasa ɗaya.

Tafiya waje ita ce inda tarihinmu ya fi rauni. Ƙungiyoyin Nijar biyu ne aka fi tunawa da su a matakin rukuni na Konfederasho: AS FAN a 2010, cikin rukunin Al Hilal ta Sudan, Al Ittihad ta Libiya da Djoliba ta Mali, sai USGN a kakar 2021-2022. Jandarma ta gama da maki 5, kuma duka biyar ɗin a wasanninta na gida ta same su: ta doke ASEC ta Abijan, ta yi canjaras da Simba ta Tanzaniya da Berkane. A waje an ci ta duka uku, har da 5-3 a Berkane da 4-0 a Darussalam. Ƙungiyar da ta je Maroko ta ci uku ba ta rasa ƴan gaba ba. A lokacin ɗan gaba Victorien Adebayor na cikinta. Riƙe gida a ƙasar wani ne ya gagara.

Rabin wannan daga hanya yake farawa. Daga Yamai jirgin da zai kai ka kai tsaye ƙasar da za ka buga ba shi da yawa. Ko ka bi ta Lome, ko Adis Ababa, ko Kasabalanka, wani lokaci da kwanan zaune a filin jirgi. A isa kwana biyu cur kafin wasa, uku in hanyar ta wuce awa goma. Takalmin wasa da riga saiti ɗaya su shiga jakar hannu, don akwati na iya kwana a Lome kai kana Luwanda. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, katin rigakafin shawara na tare da shi, biza kuma a nema ranar da aka fitar da jadawali. Ƙungiyoyin masu kaki su ƙara da takardar izinin fita ta ma'aikatansu. A tura mutum ɗaya ya riga tawaga da kwana biyu: ya ga otel da idonsa, ya auna mintocin da ke tsakaninsa da fili a lokacin cunkoso, ya shiga kicin ya yi magana da mai dafa abinci, ya sayi ruwan kwalba da kansa. Ya taka filin kuma, domin in ciyawar roba ce irin ta TP Mazembe a Lubumbashi, takalmi mai dogayen ƙusoshin ƙarfe ba shi da amfani, ƙwallo kuma ta fi gudu in an jiƙa ta. Johannasbag na sama da mita 1,700 daga teku, Yamai kuwa wajen 200, numfashi zai gaya maka bambancin. Daren Disamba a Arewacin Afirka na bukatar rigar sanyi da safar hannu a benci. Wani ƙaramin abu mai kunyatarwa: CAF kan rubuta lokacin wasa da agogon GMT, Yamai na gaba da shi da awa ɗaya, Darussalam da awa uku.

Duk wannan kuɗi ne. A kakar 2024-2025 CAF ta ba kowace ƙungiyar da ta shiga zagayen share fage dala 50,000, wajen miliyan 30 na sefa a lokacin. A ƙaddara tawagar mutum 30, tikitin kowa jika 600: miliyan 18 sun tafi ba a biya otel ba, ba a shirya wasan gida ba. Shi ya sa sunayen da ke wakiltar ƙasar ba su cika canzawa ba, Soja, Garda, Duwan, Ƴan sanda, Jandarma, ko na kamfanoni irin su SONIDEP da Nigelec, masu wata ma'aikata a bayansu. Kuɗin kirki a matakin rukuni yake, inda ko ta ƙarshe a Konfederasho aka yanka mata dala 400,000 a tsarin 2023. Ƙofar da Jandarma ta bi ta shiga ma an toshe ta: a 2021 wanda aka fitar a zagaye na biyu na gasar Zakaru yakan faɗo Konfederasho ya sake gwada sa'a, ita kuma ta faɗo ta fitar da Motema Pembe ta Kinshasa. Tun kakar 2023-2024 wanda ya faɗi ya tafi gida. Wasa huɗu ne tsakanin ƙungiya da rukuni, biyu daga ciki a gida.

Tunda babu ƙarin lokaci, fenariti ya fi kusa da yadda ake zato: 1-0 nan, 1-0 can, shi ke nan an je. Ana yin atisayensa a ƙarshen horo lokacin da ƙafa ta gaji, kowa ya tako daga tsakiyar fili shi kaɗai, sauran na yi masa ihu, a rubuta wanda ya ci da wanda ya ɓarar har tsawon makonni, don kada ranar a tsaya ana tambayar wa ke da zuciya. Gola ya sami bayanin inda ƴan wasansu suka saba bugawa, ko daga bidiyon YouTube ne, a rubuta a liƙa masa jikin gorar ruwa, ya kuma tuna ƙafa ɗaya na kan layi har a buga. Alƙali kan jefa kwabo sau biyu, ɗaya na zaɓen raga, ɗaya na wanda zai fara. In an kori ɗaya daga cikin abokan hamayya sun rage goma, ku ma sai kun cire mutum ɗaya, don haka a san tun farko wanda za a cire. Kuma waɗanda ke cikin fili lokacin busan ƙarshe su kaɗai ke bugawa. Canji biyar doka ta bayar, amma a tsayuwa uku banda hutun rabin lokaci. Antirenan da ya ƙone ukun nan kafin minti na 75 zai tsaya yana kallon gwaninsa na fenariti zaune a benci da rigar ɗumama jiki.